Kafaɗuna Sun Gaji da Rigar Mama, Kuma Ina Kunyar a Auna Ni

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 34, 'ya'yana uku, wata biyar ke nan da na yaye na ƙarshe. Tun ina budurwa lamba 38C nake sawa a rigar mama. Yayata ce ta fara saya min, ni kuma na riƙe lambar har yau. Yanzu abin ya zame min azaba. Kafin yamma kafaɗuna sun yi tsami, igiyoyin sun yi min rami a fata, bayan rigar yana hawa sama, ƙarfen kuma yana sukata a gefe. Ga ƙuraje da ƙaiƙayi a ƙarƙashin mamana. In zan fita, wani lokacin biyu nake haɗawa. Wata ƙawata ta ce in je a auna ni, amma wallahi kunya nake ji wata ta ga yadda shayarwa ta mayar da ni. Wata kuma ta ce in daina sa mai ƙarfe, wai tana kawo kansa. Anti, jikina ne ya lalace, ko akwai abin da zan yi?

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Jikinki bai lalace ba. Jiki ne da ya ɗauki ciki uku ya shayar da 'ya'ya uku, ya canza kamar yadda jikin kowace uwa yake canzawa, amma rigar da kike cusa shi a ciki tana nan a kan awon yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba. Ina ma shakkar ko a wancan lokacin lambar taki ce, tunda da ido yayarki ta ƙiyasta. Ƙawarki ta farko ta faɗa miki gaskiya, ki je a auna ki. Zan zo kan maganar kunya, don na san ita ce ta tsare ki a gida, amma bari in fara da abin da wasiƙarki ta nuna min.

Ramin kafaɗa, bayan da ke hawa sama, ƙarfen da ke suka, duk alamun matsala guda ne. Ɗamarar rigar, wato ɓangaren da ke zagaye ƙirji ta ƙarƙashin mama, ta yi miki yawa, kofin kuma, wato ɓangaren da mama ke zama a cikinsa, ya yi miki kaɗan. Wannan shi ne kuskuren da aka fi samu a wurin mata, musamman masu cikar ƙirji.

Ga yadda abin yake. Mama ba shi da tsokar da za ta riƙe shi. Kitse ne da sassan da ke haɗa ruwan nono, sai fata, sai wasu siraran zaruruwa a ciki da ke ɗan tallafe shi, waɗanda wani likitan Ingila, Astley Cooper, ya yi bayaninsu a 1840 har ake kiransu da sunansa. Tsokar ƙirji tana can baya, a kanta mama yake zaune. Don haka dole wani abu ya ɗauki nauyin. A rigar da ta zauna daidai, ɗamara ce ke ɗaukar mafi yawansa, ta baza shi a kan haƙarƙari da baya, inda ƙashi yake da faɗi da ƙarfi. Igiyoyin kafaɗa ɗan taimako kawai suke yi, su riƙe saman kofi ya kwanta. To da zarar ɗamara ta saki, nauyin gaba zai ja rigar ƙasa, bayan ya ɗaga sama. Ke kuma da kin ga gaba ya sauka sai ki ƙara tsuke igiyoyin. Tsukewar ta ƙara jan bayan sama, gaba ya sake sauka, ki sake tsukewa. A ƙarshe duk nauyin ya koma kan igiyoyi biyu da faɗinsu bai wuce yatsa ba. Daga nan ramin da kike gani ya fito, kuma da wuya in ba daga nan tsamin wuya da na kafaɗa yake fitowa ba.

Yau da dare ki tsaya a kaikaice gaban madubi ki duba. Ya kamata layin ɗamara ya tafi a miƙe, gaba da baya a tsayi ɗaya. Sai ki zame igiyoyin daga kafaɗa, ki bar su su faɗo kan damtse. Idan rigar ta tsaya inda take, ɗamarar tana aikinta. Idan komai ya sauko, kin ga amsarki da idonki.

Na san abin da za ki ce: ai matse ni take yi, ta yaya za a ce ta yi min yawa? A nan ne mata da yawa suke ɓata. Kofin da ya yi kaɗan ba ya ɗauke mama duka. Ragowar naman sai ya tura rigar gaba, ya cinye tsawon ɗamarar, ki ji kamar an ɗaure ki da igiya. Sai mace ta koma wurin saye ta ce a ba ta 40, bayan shekara ta ce 42, harafin kuwa yana nan a C bai motsa ba, ciwon kafaɗa yana ƙaruwa. In kina son ki gane gaskiyar ɗamararki, ki juya rigar, kofunan su koma bayanki suna kallon ƙasa, ki ɗaura ƙugiyar a gaba. Yanzu mama ba ya cikin lissafi. Ki ja ɗamarar da hannu ki ga iya inda za ta tashi daga jikinki. Ina kyautata zaton za ki iya zura hannunki gaba ɗaya.

Lambar da ke jikin rigar abu biyu ce a haɗe. Adadin, 34 ko 38, na zagayen ƙirji ne ta ƙarƙashin mama, a inci. Harafin kuma bambanci ne tsakanin ɗamara da awon wurin da mama ya fi cika: inci ɗaya A, biyu B, uku C, huɗu D, biyar DD, haka yake tafiya. Kamfanonin Amurka ne suka fito da tsarin haruffan a shekarun 1930, kuma a lokacin daga A zuwa D kawai ake yi. Har yau mata da yawa suna ɗauka D ce ƙarshen girma, alhali harafi shi kaɗai ba ya nuna girman komai. Kofin D na ɗamara 32 bai kama ƙafar kofin D na ɗamara 40 ba. Kofin 38C da na 36D da na 34DD kuwa cikinsu ɗaya ne, ɗamarar ce kawai ta bambanta.

Akwai wata tsohuwar ƙa'idar awo da wasu masu sayarwa ke bi har yanzu. A auna ƙarƙashin mama, sai a ƙara inci huɗu, ko biyar idan adadin bai rabu biyu daidai ba. Ƙa'idar ta dace da zamanin da yadin rigar ba ya miƙewa sosai, yadin yanzu kuwa da roba a cikinsa. Ki ɗauka mace ce da ƙarƙashin mamanta ya kai inci 34, samansa 41. A tsohuwar ƙa'ida za a mayar da 34 ta koma 38, a cire daga 41, saura uku, a miƙa mata 38C. In aka bar ƙarin nan, bambancin inci bakwai ne, wato 34F a tsarin Ingila. Mace ɗaya, tef ɗaya, amsa biyu da ba su yi kama da juna ba. Misali kawai na kawo, ban ce lambarki ke nan ba. Masu bincike a Jami'ar Portsmouth ta Ingila, inda akwai rukunin da aikinsa shi ne nazarin lafiyar mama da rigunansa, sun gwada tsohuwar ƙa'idar a kan mata 45 a wani bincike da aka buga a 2012. Kashi 76 cikin ɗari ta ba su ɗamarar da ta yi musu yawa, kashi 84 cikin ɗari kuma ta ba su kofin da ya yi musu kaɗan. Shawarar da suka bayar ita ce a rage dogaro da tef, a koya wa mata duba yadda rigar ta zauna a jiki.

Shi ya sa ba zan ce ki ari tef ki auna kanki a ɗaki shi ke nan ba. Tef mafari ne kawai. Kamfanoni ba su haɗu a kan awo ɗaya ba, 36D ta wannan kamfani tana iya zama 34E a wancan. Ƙasashe ma haka. Abin da Ingila ke rubuta 34, yawancin Turai 75 suke rubutawa don da santimita suke awo, Faransa kuma 90. Bayan D haruffan ma rabuwa suke yi: Ingila tana tafiya DD, E, F, FF, G, Amurka kuma sau da yawa DD, DDD, G. Wadda aikinta ke nan kullum ta san waɗannan a ka, ta san wane kamfani ne ɗamararsa ke da tsauri, wane ne kofinsa ba shi da zurfi.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurinki shi ne siffa, kuma tef ba ya ganinta. Mata biyu za su fito da awo ɗaya, rigar da ta yi wa ɗaya ta ƙi ɗayar. Wata mamanta ya fi cika ta sama, wata ta ƙasa. Wata tushensa yana da faɗi har kusa da hammata, wata siriri ne ya turo gaba. Wata suna kusa da juna, wata da tazara a tsakani. Bayan yaye, sama yakan saki, naman ya yi laushi. Kofin soso da aka ƙera da siffa guda ba ya bin irin wannan jikin. Yakan bar fili a sama ko da lambar daidai ce, sai mace ta ɗauka ya yi mata yawa, ta rage harafi, ta koma gidan jiya. Kofin yadi mai ɗinki gida biyu ko uku, wanda bakinsa na sama ke ɗan miƙewa, shi ya fi tattaro mama ya ɗaga shi. Ƙwararriya da kallo ɗaya za ta gane wannan, ke kuwa sai kin yi asarar saye sau da dama kafin ki gano. Sannan ba ki ganin bayanki, ita tana gani.

To, kunya. Da na karanta wasiƙarki sai na ga kunya iri biyu a ciki. Ta farko ita ce rashin son tuɓewa gaban baƙuwa. Wannan ina girmama ta, kuma maganinta mai sauƙi ne, don ba dole ki tuɓe a gaban kowa ba. Yawanci a kan rigar maman da kika zo da ita ake awon, ko a kan shimi mara kauri. Mai awon za ta miƙo miki na gwaji ta fita ta ja labule, ki sa da kanki, sannan ki kira ta. Za ta ce ki juya, ta sa yatsu biyu ƙarƙashin ɗamarar ta baya ta ja, ta gyara igiya, ta ce ki ɗaga hannu. Abin bai fi haka ba, kuma da wuya ya wuce rabin awa. Tun kafin a fara ki faɗa mata a fili: ba na son tuɓewa, kuma ki tambaye ni kafin ki taɓa ni. Ki tabbatar mace ce za ta yi miki, ki tabbatar ɗakin gwajin yana rufuwa. In kin fi sakewa da rakiya, ki tafi da ƙawar nan taki da ta ba ki shawarar. Duk wurin da suka ƙi waɗannan sharuɗɗan, ki ɗauki jakarki ki fita.

Ta biyun ita ce ta sosa min rai, inda kika ce kada wata ta ga yadda shayarwa ta mayar da ke. Ƙanwata, matar da ke wannan aiki daga safe zuwa yamma tana ganin 'yan mata da tsofaffi, masu ciki da masu shayarwa, siraran mata da masu jiki, har da waɗanda aka cire wa mama ɗaya a asibiti. Jikin uwa mai 'ya'ya uku shi ne abin da ta fi gani. Idonta yana kan inda ƙarfe ya zauna da inda yadi ya tattare. Mai yiwuwa ita ma uwa ce, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kin yi shekaru kina kwana da ciwon kafaɗa don gudun wani kallo da ba za a yi miki ba, ba na so ki ƙara ko wata ɗaya a haka.

Ki kuma sauke wa shayarwa laifin da kika ɗora mata. A wani bincike da likitan fiɗa Brian Rinker da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Kentucky ta Amurka, wanda aka buga a 2008, abubuwan da suka samu suna da alaƙa da zubewar mama su ne shekaru, yawan cikin da mace ta ɗauka, nauyin jiki, girman maman tun asali, da shan taba. Shayarwa ba ta cikinsu. Cikin ne yake buɗe fata da zaruruwan nan, ko mace ta shayar ko ba ta shayar ba. Ba kuma zan yi miki alƙawarin da ba zai cika ba: babu rigar da za ta mayar da mama yadda yake kafin haihuwa. Abin da mai kyau za ta yi shi ne ta ɗaga shi ta riƙe muddin tana jikinki, ta sauke wa kafaɗarki kaya, tufafi su zauna miki. Mata da dama ranar suke ganin ashe suna da ƙugu, don mama ya tashi daga kan ciki.

Sai dai ba duk mai rataye da tef a wuya ce ƙwararriya ba. Ta gari za ta fara da tambaya: ina yake miki ciwo, wane aiki kike yi, yaushe kika yaye. Za ta kawo lamba biyu ko uku, da yanka daban-daban, ta bar ki ki gwada ba gaggawa. Babbar alamarta ita ce, idan ba ta da lambarki za ta gaya miki ba ta da ita. Wadda ciniki kawai ya dame ta kuwa za ta tura ki cikin abin da ke kan kanta, ta ce ai za ta buɗe, ko ta ce kowa haka take sawa. Ɗamara takan ɗan saki da sawa, wannan gaskiya ne. Kofi ba ya ƙara zurfi, ƙarfe kuma ba ya ƙara faɗi. Abin da ya soke ki a ɗakin gwaji zai soke ki a gida.

Don haka ki shiga da naki sanin, kada ki miƙa mata wuya gaba ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki fara da sa rigar yadda ya kamata, don yawancinmu ba a taɓa nuna mana ba. Ki zura hannuwa, ki ɗan sunkuya gaba mama ya faɗa cikin kofi, ki ɗaura. Sai ki miƙe, ki zura hannun dama cikin kofin hagu har can wajen hammata, ki tattaro duk naman da ke gefe da na ƙasa ki shigo da shi gaba, ɗaya hannun yana riƙe da ƙarfen kada ya motsa. Ki yi wa ɗaya ɓangaren haka. Naman nan da ke taruwa a gefen hammata, wanda mata ke cewa ƙiba ce, sau da yawa mama ne da ƙaramin kofi ya kora waje. Kofin da kika ga kamar ya yi daidai, bayan tattarowar nan za ki iya ganin ya cika ya tumbatsa.

Daga nan ki duba. Sabuwar riga a ƙugiyar farko ake ɗaura ta, mafi saki, don in roba ta gaji ki sami inda za ki matsa. Ɗamara ta kama ki sosai amma yatsu biyu su iya shiga, kuma ki ja dogon numfashi ba wahala. Ɗan yadin da ke tsakanin kofuna biyu ya kwanta a kan ƙashin ƙirji. In yana shawagi a iska, kofin ya yi kaɗan. Ki bi ƙarfen da yatsa tun daga tsakiya har ƙarshensa a gefe: ko'ina a kan haƙarƙari ya kamata ya zauna, yana zagaye da mama, kada ya hau kan nama mai laushi. Sukar da kike ji a gefe, ƙarfen ne ya yi miki ƙunci yana zaune a kan maman kansa. Bakin kofi na sama ya kwanta lumui, kada ya yanka mama ya raba shi biyu, kada kuma ya bar rami. Igiyoyi su tsaya ba zamewa ba nutsewa. Kada ki tsaya ƙiƙam kamar mai ɗaukar hoto. Ki ɗaga hannuwa sama, ki sunkuya kamar za ki ɗauki yaro, ki zauna a kujera na ɗan lokaci, don haƙarƙari yakan buɗe in an zauna, kuma a nan wasu ƙarafan suke fara tsira. A ƙarshe ki mayar da rigarki ta sama ki kalli madubi.

Za ki iya ganin ɗaya ya fi ɗaya girma. Haka yawancin mata suke. Babban ake yi wa awo, ƙaramin a tsuke igiyarsa kaɗan ko a sa masa ɗan soso. Idan kuma aka ce miki lambarki 34F ce ko 36E, kada ki firgita ki ce ke ba ki kai nan ba. Kin riga kin ga yadda ake fitar da harafin. A kwanakin farko ɗamarar da ta yi daidai za ta zame miki baƙuwa, don kin saba da sakakkiya. Ɗan shatin da ke gogewa jim kaɗan bayan an cire ba matsala ba ne. Ciwo, ko wahalar numfashi, ko fata ta ɗaye, wannan matsala ce, ki mayar.

In babu mai wannan sana'a kusa da ke, ki sami tela mace ko 'yar'uwa ta auna miki wuri biyun nan, tef ɗin a miƙe, na ƙasa a ɗan tsuke, na sama a sake. Kada a ƙara inci huɗu. Ki ɗauki abin da ya fito a matsayin mafari, ki saya a inda za su yarda ki gwada ko ki canza, ki bi dubawar da na zayyana miki. In ɗamara ta yi yawa amma kofi ya yi daidai, ki sauka lamba ɗaya ki hau harafi ɗaya, daga 36E ki koma 34F.

Maganar ƙawarki ta biyu kuma, hankalinki ya kwanta. A 2014 masu bincike a cibiyar nazarin kansa ta Fred Hutchinson da ke Seattle a Amurka sun buga sakamakon nazarin mata sama da 1,500 da suka daina al'ada, wasu masu kansar mama, wasu lafiyayyu. Sun tambaye su shekarun da suka fara sa rigar mama, awa nawa suke sawa a rana, da ƙarfe ko babu. Ba su sami wata alaƙa tsakanin ko ɗaya daga cikin waɗannan da kansa ba. Ƙarfen da bai zauna daidai ba yana ciwo, yana ƙuje fata, kuma a lokacin shayarwa duk rigar da ta matse tana iya jawo toshewar hanyar nono. Iyakar laifinsa ke nan. In ba ki son ƙarfe, akwai marasa ƙarfe masu faɗin ɗamara da ke riƙewa da kyau. Ki zaɓa don jin daɗinki, ba don tsoro ba.

Haɗa biyu kuwa ki daina daga yau. Matsi biyu ne da zafi biyu, ga zufa, kuma ba ya gyara komai. In don rage motsi kike yi, akwai rigar motsa jiki da aka yi musamman don haka, ita ma auna ta ake yi.

Ƙurajen nan suna da nasaba da duk wannan. Idan riga ba ta ɗaga mama ba, fata takan kwanta a kan fata, zufa ta taru, gogayya ta biyo baya, wurin ya yi ja ya fara ƙaiƙayi. Danshi da ɗumi kuma su ne abin da ƙwayar cutar da likitoci ke kira kandida take so. Ki riƙa wanke wurin da sabulu mara ƙarfi, ki tsane shi da tawul a hankali ba gurzawa ba, ki bari ya bushe sarai kafin ki sa komai, kada kuma ki maimaita rigar da ta sha zufa ba wanki. In wurin ya tsage, ko yana ruwa, ko yana wari, ko ya yi mako biyu bai lafa ba, ki je asibiti a duba a rubuta miki man da ya dace. Kada ki shafa duk man da aka miƙo miki, don wasu suna kwantar da ƙaiƙayi na kwana biyu su kuma ƙara wa cutar ƙarfi. In yana tafiya yana dawowa, ki nemi a gwada miki suga, don irin wannan kurjin ya fi damun masu ciwon suga.

Akwai kuma abubuwan da ba na mai awo ba ne, na likita ne, kuma ba a jira da su. Ƙullutu a mama ko a hammata, fatar da ta lotsa ko ta yi kauri da ƙananan ramuka, kan mama da ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini daga kan mama, ko ɗaya ya canza girma ko siffa farat ɗaya. Ɗan ɗigon nono bayan yaye yakan ɗauki watanni, wannan ba abin tsoro ba ne. Haka nan idan yatsunki suna sagewa, ko kin yi makonni cikin rigar da ta yi daidai amma ciwon wuya da kafaɗa bai ragu ba, ki kai wa likita, kada ki ce rigar ce har yanzu.

Wata biyar bayan yaye lokaci ne mai kyau na awo, don yawanci jiki ya fara daidaita. Ki dai kauce wa kwanakin da ke gab da al'ada, mama yakan kumbura ya ba da awon da ba nasa ba. Ranar ki sayi guda ɗaya tak, ki sa ta mako guda cikin aikinki na yau da kullum. In ta yi, sai ki ƙara ɗaya ko biyu ki riƙa sauyawa, don roba tana son hutu kafin ta koma yadda take. Ki wanke da hannu a ruwan da ba zafi, kada ki murɗe, ki shanya a inuwa, zafi ne yake kashe roba. Ranar da kika kai ƙugiyar ƙarshe kuma bayan ya fara hawa sama, rigar ta gama aikinta. Ki sake awo duk lokacin da nauyinki ya canza sosai, ko kika sami wani cikin, ko kika sake yaye, da kuma lokacin da al'ada ta zo ɗaukewa. In kin je kin dawo, ki rubuto min lambar da aka ba ki da yadda kafaɗar take. Allah ya ƙara lafiya, ya raya miki zuri'a.